Tambaya da Amsa: Jirgin balan-balan mai ɗaukar kaya, zai yiwu kuwa? Kuma in zuba kuɗina a ciki?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonni sun taru a kan abu guda, wato manyan jiragen nan masu kama da balan-balan da ake ta yawo da bidiyonsu a waya, da kuma maganar sa hannun jari a irin waɗannan sabbin dabarun sufuri. Na zaɓo guda huɗu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni direban babbar mota ne. Na ga wani bidiyo na wani ƙaton jirgi fari kamar balan-balan, wai zai ɗauki kaya tan 60 ya kai inda babu titi babu filin jirgi, ya sauke da igiya ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Don Allah gaskiya ne ko zanen kwamfuta ne? Kuma in gaskiya ne mu direbobi ina makomarmu?

AMSA: Ɗan'uwa barka dai, Allah ya tsare hanya. Yadda ka siffanta shi ɗinnan ya yi daidai da jirgin wani kamfanin Faransa mai suna Flying Whales, sunan jirgin LCA60T, tsawonsa mita 200, kuma tan 60 ɗin da ka ji shi ne burinsu. Amma wanda ka gani yana shawagi a bidiyon zane ne, ba a kai ga tashin na gasken ba. Toh amma kar ka ce ƙarya ce gaba ɗaya, ilimin da ke bayan abin gaskiya ne kuma tsoho ne ma, tun 1900 wani Bajamushe Ferdinand von Zeppelin ya tashi jirginsa na farko a kan tafkin Constance, kuma a 1929 jirgin Graf Zeppelin ya zagaye duniya da fasinjoji a ciki.

Ga yadda abin yake. Jirgin sama da muka sani sai ya yi gudu sosai kafin fuka-fukansa su ɗaga shi, shi ya sa yake shan mai kamar me. Shi kuwa wannan ana cika cikinsa ne da iskar da ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, hiliyom ko haidirojin, sai ya taso da kansa ko injin bai kunna ba, injin aikinsa kawai ya tura shi gaba. Nan ne daɗin yake, ɗagawar kyauta ce. Matsalar ita ce ɗagawar ƙarama ce ƙwarai, kubik mita ɗaya na hiliyom, wato fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, abin da zai iya ɗagawa kusan kilo ɗaya ne kacal. Kai da ka san awo yi lissafin da kanka, tan 60 kilo 60,000 kenan, kenan kana buƙatar kubik mita 60,000 na iska don kayan kaɗai, ba a zo maganar ƙarfen jikin jirgin ba da injuna da mai da mutanen da ke ciki, waɗanda su ma sai an ɗaga su. Shi ya sa ba a iya yin ƙarami ya biya kuɗinsa. In ka ninka tsawo da faɗi da tsayinsa sau biyu, iskar da zai ɗauka ta ninku sau takwas amma fatar jikinsa sau huɗu kawai ta ninku, don haka duk injiniyan da ya zauna da biro sai lissafi ya ce masa ƙara girma, ƙara girma, kuma girman nan shi ne yake jawo kuɗin da kamfanoni ke kasa samu.

Yanzu ga wurin da ya fi ba ni sha'awa kuma ya fi ba su wahala, sauke kaya. Kai in ka sauke lodi motarka tana nan inda take. Shi kuwa wannan jirgi an daidaita shi ne da nauyin kayan, da zarar ƙugiya ta saki tan 60 toh jirgin ya rage nauyi da tan 60 a take amma iskar da ke ɗaga shi tana nan yadda take, kamar ka danna jarkar da babu komai a ciki zuwa ƙasan ruwa sannan ka sake ta, ka san yadda take yin sama da ƙarfi. Dole ne a lokacin da kaya ke sauka wani nauyi daidai da shi ya hau, yawanci ruwa ake tunanin turawa da famfo. Toh ka duba wurin da ake son kai kayan, tsakiyar daji ko kan dutse, a nan za a nemo ruwa lita 60,000 da famfo da mutanen da za su haɗa tiyo, jirgi mai tsawon mita 200 yana tsaye a sama da igiya a ƙasansa, iska na bugun gefensa wanda faɗinsa ya fi bangon kowane sito, matuƙi yana fama da farfela yana ƙoƙarin kar ya gusa daga kan ma'aikatan da ke ƙasa. Sakin hiliyom ɗin a iska ba mafita ba ce saboda tsadarsa. Wasu sun gwada matse shi a tankuna a cikin jirgin don rage ɗagawar, amma tankunan da injin matsewar su ma nauyi ne. Wasu kamar kamfanin Hybrid Air Vehicles na Ingila suka yi nasu, Airlander 10, da siffa mai faɗi yadda wani kaso na ɗagawar zai fito daga gudu kamar fiffike, hakan na rage matsalar amma kuma yana ƙara shan mai.

Sai maganar gudu. Irin waɗannan jirage tsakanin kilomita 100 zuwa 130 a awa suke yi, in iska mai gudun kilomita 40 ta fuskanto su kusan kashi ɗaya cikin uku na gudun ya tafi. Kuma ba sa hawa can sama su tsallake hadari yadda jirgin fasinja ke yi, a ƙasa-ƙasa suke tafiya a cikin yanayin. Ka haɗa shi da Boeing 747-8F mai ɗaukar sama da tan 130 yana gudun kusan kilomita 900 a awa, ko jirgin ruwa mai ɗaukar kwantena sama da 20,000 a tafiya ɗaya a kan kuɗi ƙalilan, za ka ga tsakiya ya faɗo, bai kai wannan sauri ba bai kai wancan araha ba.

Duk da haka ni ina ganin yana da gurbi, kuma gurbin na gaske ne. Helikwafta mafi ƙarfi da ake aiki da ita, Mi-26 ta Rasha, tan 20 take ɗauka kuma ba ta nisa. Akwai kayan da titi ke gagara, fiffiken injin wutar iska mai tsawon mita 70 ko fiye wanda lanƙwasa ɗaya a hanya ke hana shi wucewa, babbar taransifoma, katako daga dajin da ke kan tsauni wanda dama shi Flying Whales suka fara hange. Akwai arewacin Kanada inda garuruwa da ma'adinai suka dogara da hanyar ƙanƙara ta 'yan makonni a shekara kuma ɗumamar yanayi tana ƙara gajarta lokacin. Akwai kai agaji bayan girgizar ƙasa ko ambaliya in gadoji sun karye. A irin nan in jirgin ya yi aiki wallahi alheri ne babba. Amma duk inda akwai titi mai kyau mota ta fi shi araha nesa ba kusa ba, don haka ka kwantar da hankalinka ka riƙe sitiyarinka, ba da kai yake takara ba.

TAMBAYA: Malam ni abin da na sani game da waɗannan jirage shi ne wani tsohon hoto na ɗaya yana ci da wuta. Ba don haɗarin gobara aka daina su ba? Me ya canja?

AMSA: 'Yar'uwa hoton Hindenburg kika gani, jirgin Jamus mai tsawon mita 245 da ya kama da wuta ranar 6 ga Mayun 1937 yana shirin sauka a Lakehurst ta jihar New Jersey a Amurka. Mutum 36 suka mutu har da mutum ɗaya da ke ƙasa, kuma cikin 97 da ke ciki 62 sun tsira, abin da yawanci ba a faɗa. Haidirojin ne a cikinsa mai saurin kama wuta, saboda a lokacin Amurka ce ke riƙe da hiliyom kuma dokarta ta hana fitar da shi. Na yanzu hiliyom suke amfani da shi, ba ya ci da wuta.

Amma ina so ki lura da wani abu, haɗarin da ya fi cin rai ba na wuta ba ne. Jirgin sojan ruwan Amurka USS Akron hiliyom ne a cikinsa, guguwa ce ta jefa shi teku a 1933, mutum 73 suka halaka. R101 na Birtaniya ma cikin iska da ruwan sama ya faɗi a Faransa a 1930 kafin wutar ta biyo baya. Kenan babban abokin gabarsu yanayi ne, kuma shi bai canja ba, abin da ya canja shi ne yanzu akwai hasashen yanayi mai kyau da kayan ƙira marasa nauyi da kwamfuta mai taya matuƙi. Ko Airlander 10 a tashinsa na biyu a watan Agustan 2016 da hanci ya sauka a hankali ya fasa ɗakin matuƙa, babu wanda ya ji rauni, sannan a Nuwamban 2017 ya kwance daga turken da aka ɗaure shi ya sace a ƙasa. Shi kuma hiliyom daga rijiyoyin iskar gas ake samo shi a ƙasashe kaɗan irin su Amurka da Qatar da Aljeriya da Rasha, asibitoci na buƙatarsa don injin hoton MRI, farashinsa kan yi tsalle in an samu ƙaranci. Shi ya sa wasu injiniyoyi ke cewa a koma haidirojin ga jiragen kaya marasa fasinja tunda ya fi araha kuma ya ɗan fi ɗagawa, sai dai shawo kan hukumomin lasisi da kamfanonin inshora a kan haka aiki ne ja.

TAMBAYA: Malam wani abokina ya turo min wani kamfani na ƙasar waje da ke sayar da hannun jari ta intanet ga ƙananan masu zuba kuɗi, za su ƙera irin wannan jirgi. Ya ce wanda ya shiga da wuri shi ne zai ci riba. Ina da ɗan abin da na daɗe ina tarawa don karatun yara. In sa rabi?

AMSA: Ɗan'uwa a'a, kar ka sa, ko kwata kar ka sa. Na fara da amsar ne saboda kar ka gaji da karatu kafin ka iso ta. Yanzu ga dalili.

Tambaya biyu ce mutane ke haɗewa su mai da ita ɗaya. Ta farko, abin nan zai iya tashi? Ta biyu, kuɗin wanda ya fara sawa zai dawo masa? Sau da yawa amsar ta farko eh ce ta biyu kuma a'a. A 1996 aka kafa wani kamfani a Jamus, CargoLifter, za su ƙera jirgi mai ɗaukar tan 160. Mutane suka yi ta sayen hannun jari, wajen mutum 70,000 yawancinsu ƙananan masu ajiya irinka waɗanda suka so abin da zuciya ɗaya. Kamfanin ya gina rumfar ƙera jirgin a kudu da Berlin, tsawo mita 360 faɗi mita 210 tsayi mita 107, har yau tana cikin manyan rumfuna marasa ginshiƙi a duniya. A 2002 kuɗi suka ƙare kamfanin ya durƙushe, jirgin tan 160 ɗin ba a taɓa ƙera shi ba. Wani kamfanin Malesiya ya sayi rumfar, tun 2004 wurin ninƙaya da shaƙatawa ne a ciki mai suna Tropical Islands. Ba ɓarayi ba ne mutanen, injiniyoyi ne na gaske, aikin ne ya fi ƙarfin aljihunsu. Duk lokacin da na tuna mutum 70,000 ɗinnan abin yana taɓa ni, don nasan da yawansu da kuɗin gumi suka shiga.

Kuma ba a balan-balan kaɗai ba. Elon Musk ya fito da dabarar hyperloop a 2013, jirgin ƙasa a cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Kamfanin Hyperloop One ya tara sama da dala miliyan 450, a Nuwamban 2020 ya ɗauki mutum biyu a gwaji a hamadar Nevada a kan hanya mai mita 500, ƙarshen 2023 ya rufe. Lilium na Jamus mai ƙera tasi mai tashi da lantarki ya ci sama da dala biliyan ɗaya, har kasuwar hannun jari ta Nasdaq ya shiga, a Oktoban 2024 ya nemi kariyar kotu saboda kuɗi sun ƙare. Wanda ya fi koya darasi ma shi ne wanda ya yi nasara, ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa. An buɗe shi a 1994, yana aiki har gobe, miliyoyin mutane na bi, amma kuɗin gini ya zarce abin da aka tsara da kusan kashi 80 cikin 100, bashi ya danne kamfanin Eurotunnel, waɗanda suka sayi hannun jari da farko suka tafka asara, aka yi ta sake fasalin bashin har zuwa 2007. Ramin ya amfani duniya, masu shiga da wurin ne suka biya.

Wannan magana ta abokinka ta shiga da wuri, bari in nuna maka yadda take juyewa. A ce kamfani yana da hannun jari 100 kai ka sayi 1, kana da kashi ɗaya cikin ɗari. Bayan shekara biyu kuɗi sun ƙare jirgi bai tashi ba, dole a nemo sabbin masu kuɗi, su kuma ganin kamfanin a matse yake sai su ce a buga musu sabbin hannun jari 300 a farashi mai sauƙi, kuma a rubuta cewa in an zo rabo su za a fara biya. Yanzu kai 1 cikin 400 gare ka kuma kana bayan layi. Aikin jirgin sama sai an yi irin wannan zagaye sau da yawa, saboda kafin ya samu sisin kwabo daga kwastoma sai an gina masana'anta, an ƙera na gwaji, an yi shekaru ana tashi a gaban hukumar lasisi irin su EASA a Turai ko FAA a Amurka. Sannan irin hannun jarin da ake sayarwa ta intanet ɗinnan yawanci babu kasuwar da za ka kai shi ka sayar ranar da kuɗin makaranta ya taso, kana riƙe da takarda ne kawai sai ranar da wani ya sayi kamfanin, in ranar ta zo.

Manyan masu zuba jari a irin wannan harka sun san duk wannan, shi ya sa suke raba kuɗinsu a kamfanoni da yawa da sanin cewa mafi yawa za su mutu, ɗaya ko biyu su biya asarar sauran. Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, shi ke ɗaukar nauyin LTA Research masu jirgin Pathfinder 1 mai tsawon mita 124 da ya fara tashi ba igiya a Kalifoniya a 2024, in aikin ya watse gobe ba abin da zai canja a gidansa. Kai kuwa kamfani ɗaya ne da kuɗin yara.

Ba wai ina ƙin masu mafarki ba ne, ina sonsu ma, in babu su da har yanzu a kafaɗa ake loda jirgin ruwa. Malcom McLean mai motocin haya ne, a 1956 ya ɗora kwantena 58 a kan wani tsohon jirgin dakon mai da ya gyara, Ideal X, daga Newark zuwa Houston, kuma ya canja kasuwancin duniya. Amma duba bambancin, jirgin ruwa dama akwai shi, mota akwai ta, kwastoma akwai su, kuma tun tafiyar farko lissafi ya nuna kuɗin lodi ya faɗo daga kusan dala 6 a kan tan zuwa ƙasa da santi 20. Bai jira a ƙirƙiro abu biyar a jere kafin ya fara karɓar kuɗi ba.

In wata rana kana da rarar da ko ta ɓace ba za ka rasa barci ba kuma zuciyarka na son abin, toh bismillah, amma ka yi tambayoyi tukun. Jirgin mai cikakken girma ya tashi da kaya ko ƙaramin samfur ne? Odar da suke tallatawa an biya kafin alƙalami ko takardar nuna sha'awa ce da kowa zai iya janyewa? Wannan ta biyun ita ta fi yawa a harkar. Nawa suke da shi a asusu, nawa suke buƙata kafin lasisi? Hukumar kula da hannun jari ta ƙasarsu ta san da su? In kuwa aka ce maka za a riƙa ba ka riba duk wata alhali kamfanin bai sayar da komai ba tukun, ka gudu, kuɗin wanda ya shigo bayanka ake ba ka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

TAMBAYA: Na karanta cewa gwamnatoci ma sun sa kuɗi a waɗannan kamfanoni. Ai gwamnati ba za ta sa kuɗi a abin da ba tabbas ba ko?

AMSA: Tana sawa mana, kuma wani lokacin daidai ne ta sa. Gwamnatin Faransa da ta lardin Quebec a Kanada suna cikin masu tallafa wa Flying Whales, jihar Brandenburg ma ta tallafa wa CargoLifter a lokacinsa. Sai dai lissafinsu daban ne da naka, su suna duba ayyukan yi da ilimin da injiniyoyinsu za su samu da yankunansu da ba hanya, ko kamfanin ya mutu wani abu ya rage musu. Shi kansa Airlander asalinsa aikin sojan Amurka ne, a 2010 suka ba Northrop Grumman kwangilar dala miliyan 517 don jirgin leƙen asiri mai daɗewa a sama, ya tashi sau ɗaya a watan Agustan 2012, a 2013 aka soke shirin, Hybrid Air Vehicles da suka ƙera shi suka sake sayen abinsu a kan kusan dala 300,000. Don haka in ka ga sunan gwamnati a tallar kamfani ka bincika wane irin kuɗi ne, kyauta ce ko rance ko hannun jari, saboda in rance ne ranar da aka zo karya kadara masu bin bashi ake fara sallama, mai hannun jari sai in wani abu ya rage.